Amsoshin Tambayoyinku: Wane Abinci Ne Ke Jure Zaman Tabarma?

Tun da sanyi ya fara ja da baya, saƙonnin da ke shigo mini daga nan Kaduna suka koma na masu son fita shan iska. An gaji da zaman ɗaki, ana so a haɗu da ƙawaye ko abokai, a shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, a ci a sha ba tare da wata ta kwana a kicin ba. Na zaɓi bakwai daga ciki. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Mu shida ne, tun sakandare muke tare, yanzu kowa da gidanta. Mun sa ranar Asabar mu wuni a lambun shaƙatawa na Gamji, ba mai ɗora tukunya, saye za mu yi. Uku na son soyayyiyar shinkafa da kaza da haɗin kabeji daga gidan abinci, biyu na son masa da nama, ni kuma an ce in raba gardama. Shirinmu a karɓo abincin ƙarfe 11 na safe, mu ci bayan Azahar, ragowar mu ƙarasa da yamma. (Daga Unguwar Rimi)

Amsa: 'Yar'uwa, kafin in taɓa gardamar shinkafa da masa, bari in fara da agogonku, don a nan gizo ke saƙar. Shinkafar da za a zuba muku ƙarfe 11 ba a lokacin aka sauke ta ba, gidajen abinci da sassafe suke girki. A zuba ta da tururinta a roba, a rufe, a jera a leda, a sa a but ɗin mota, a ratsa cunkoson Ahmadu Bello Way. Kafin ku gama gaishe-gaishe da hotuna ku yi salla, ta yi awa uku a ɗumi-ɗumi. Wadda kuka ce ta yamma kuwa ta doshi awa shida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai yanayin da robar tekawe ke ciki a gindin bishiya. Hukumomin kula da abinci na Amurka ma rage lokacin suka yi zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32, kuma duk wanda ya yi Maris da Afrilu a Kaduna ya san da rana muna tsallake haka.

Ita shinkafa tana da nata halin daban. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta kashe irinta. Da shinkafar ta huce ta zauna a ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ko an sake ɗumama abincin tana nan. Ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba. Sai dai cikin 'yan awoyi amai ya taso, a ce ai rana ce ta bugi mutum, ko a ɗora wa zoɓo laifi. Soyayyiya ta fi dafa-duka saurin juyawa saboda tarkacen da ke cikinta, hanta da karas da koren wake. Haɗin kabeji da bama kuwa ya fi kowa rauni: ɗanye ne, tun safe aka yanka shi, sannan a ɗora shi a gefen shinkafa mai zafi a rufe su tare.

To ga hukuncina. Idan wuni za ku yi, masu masa sun yi nasara. Idan zaman awa biyu ne, masu shinkafa su sha kuruminsu, amma da sharaɗi: ita za a saya a ƙarshe, ita za a fara ci, a ce wa mai zubawa ya ware kabejin a robarsa daban, kuma babu zancen ragowa.

Masa ta fi haƙuri, ga shi da hannu ake cinta, ba neman cokali ba neman faranti. Ku karɓe ta da yaji da ƙuli, ko suga ga mai so. Miyar taushe a ƙulle a leda ba ta tabarma ba ce, ko ta tsiyaye muku a jaka ko ta yi tsami. Masar ma a cinye ta a zaman farko. Abin da zai riƙe ku har yamma busassu ne: dambun nama, kilishi, naman da aka soya ya bushe sosai, gurasar da ba a jiƙa ba, cincin, gyaɗa, dabino. 'Ya'yan itace ku saye su da ɓawonsu, lemo da ayaba, kankana guda sukutum da wuƙa a jaka. Yankakkiyar kankana ko abarbar cikin leda da ke kan baro tun safe, ku bar wa mai baro kayansa.

Abin da zan hana ku ko da zaman awa ɗaya ne shi ne soyayyen dankalin turawa da shawarma. Wannan ba maganar cuta ba ce, asarar kuɗi nake jiye muku. Ki buɗe robar dankali bayan minti ashirin ki gani: murfin ya yi gumi, gumin na ɗiga a kai, dankalin da ya fito daga mai yana ƙaras-ƙaras ya yi laƙwas. Shawarma kuma biredinta ya sha miya ya jiƙe, ɗaga ta ke da wuya sai ta ɓare miki a mayafi. A inda aka yi su ake cin su.

Da za ku ji tawa, da kun mayar da haɗuwar ƙarfe 3, ku yi La'asar a can. Rana ta yi sanyi, masu nama sun hura wuta, abinci kuma ba zai jira ku ba.

Tambaya: Anti, ni aka ɗora wa sayen nama. Mu takwas ne, duk maza, an tara mini naira 16,000. Tsire zan saya ko balangu ko kilishi? Kuma yaya zan gane na jiya? (Daga Kawo)

Amsa: Ƙanena, maza takwas a kan takardar balangu ɗaya, mai saurin hannu ne kaɗai zai tashi da fara'a. Tsire ya fi sauƙin rabo tunda da tsinke ake ƙirga shi. Ka san kuɗin tsinke, ka san nawa zai kai wa kowa, babu ƙorafi. Ka ce wa mai tsiren kada ya zare ya yayyanka, ya bar maka su a tsinkensu.

Balangu kuwa idon mai nama da wuƙarsa ne ma'auni, kuma yana da aibi a waje. Idan na rago ne, da ya huce kitsen zai daskare ya yi fari, ya manne wa mutum a baki. Da zafinsa babu kamarsa, amma tafiyar rabin awa tana cinye rabin daɗinsa. In lallai shi kuke so, ka saya a tukubar da ta fi kusa da inda za ku zauna, ba ta unguwarku ba, ko da mai naman Kawo ya fi yi maka gyara.

Kilishi na hira ne, ba na ƙoshi ba. Tsadarsa da dalili, nama idan ya bushe kaɗan yake komawa. Ka sayi ɗan kaɗan na taɓa baki bayan an gama. Wurin zaɓe ka ɗaga shi ga haske: mai kyau siriri ne, za ka ga zaren nama a ciki, in ka yaga ya bi zaren. Wanda ya yi kauri ya yi ja wur, ka lanƙwasa ya marmashe maka a hannu, labu ne ya fi nama yawa.

Gane na jiya daga lokaci ake farawa. Galibin masu tsire sai la'asar suke jera tsinke a tukuba. Idan ka je ƙarfe ɗaya na rana ka tarar da gasasshe a jere, tambayi kanka yaushe aka gasa shi. Na jiya ya fi duhu, gefensa ya ƙeƙashe, an shafe shi da mai yana ƙyalli don ya ruɗi ido. Sabo yana da taushi, in an yanka za ka ga danshi a cikinsa. Ɗanɗano haƙƙinka ne, ka karɓa, amma kai za ka nuna tsinken da za a yanko maka, ba wanda aka ajiye a gefe don masu ɗanɗano ba. Ko sabo ne ka sa ya mayar wuta ya yi zafi har ciki, ba ya ɗan gifta shi a kan garwashi ba. Ka kuma lura da hannunsa. Mai naman da ke da yaro mai karɓar kuɗi ya fi wanda ke ƙirga canji da hannun da yake yanka.

Ka tafi da kwanonka mai murfi ko ƙaramar kula. Tawadar jarida narkewa take a mai, takardar buhun siminti kuwa ba sai na faɗa ba. Albasa da tumatir da kabeji a ƙunsa daban, in sun kwanta a kan nama mai zafi ruwa suke saki. Yaji ma daban, kowa ya dangwali iya ƙarfinsa. Ka tambayi abokanka ko akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa, don ƙuli ne ginshiƙin tsire da kilishi. Irin wannan a gasa masa nasa ba ƙuli ba yaji.

Kuɗin nan ba zai ƙosar da mutum takwas da nama zalla ba. Cire dubu uku ka sayi gurasa ko biredi, shi zai tare ciki.

Tambaya: Anti, ba za mu iya yin oda a waya ɗan aike ya kawo mana har inda muke zaune ba? (Daga Malali)

Amsa: Za ku iya, sai dai lambu ba shi da lambar gida. Ɗan aike a get zai tsaya, kuma "muna gindin wata babbar bishiya" ba kwatance ba ne a wurin da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Ku wakilta mutum ɗaya mai caji a waya, shi zai yi odar, shi zai fita ƙofa ya karɓa. A yi odar tun kafin a bar gida, a faɗi ƙarfe nawa ake so, don yammacin Asabar kowane kicin a cike yake. A tambayi jimillar kuɗi har da na kawowa, a ƙirga robobi a buɗe ɗaya kafin mai babur ya tayar. Idan mai abincin a Instagram ko WhatsApp kuka gan ta kuma ba wanda ya taɓa saye a wurinta, kada ranar fitarku ta zama ranar gwaji, kuma kada ku tura kuɗi duka. In gidan abincin yana kan hanyar ɗayanku, ya biya ya karɓo, ya fi arha ya fi zafi.

Tambaya: Anti, ina gaisuwa. Duk fitar da muka yi abin sha ne ke ba mu kunya, ko ya yi ɗumi, ko kunun aya ya yi tsami kafin a buɗe. Ina tunanin sayen kula babba. Wace iri zan saya, me kuma zan zuba a ciki? (Daga Barnawa)

Amsa: 'Yar'uwa, kunun aya bai yi laifi ba, haka yake. Aya ce da dabino da kwakwa aka markaɗa aka tace, bai ga wuta ba, ga zaƙi. Da ya rabu da sanyi zai fara tashi. Idan kika ga gorar ta kumbura ta yi tauri, ko kika murɗa murfi kika ji iska ta fita, zubarwa za ki yi, kada wata ta ce a ƙara suga. Mai son kunun aya a lambu ya karɓi na ranar, a daskare, ya kuma fara sha da shi. Fura da nono ma haka, a dama a sha, ba ta jiran a gama hira.

Zoɓo ya fi juriya, don tafasa shi ake yi kuma da tsaminsa. Lemon tsamiya da na citta ma suna ɗan haƙuri. Citta dai a jiharmu take, Kachia da Jaba da Kagarko ne ke ciyar da ƙasar nan da ita, amma tun cutar da ta faɗa wa gonakin a 2023 ta yi tsada. In kika kurɓa kika ji zafi na yankar harshe babu ƙamshi, barkono ne ya yi yawa.

Abin dubawa a duk waɗannan gora ce. Yawancin gororin zoɓo sun taɓa ɗaukar wani abu, daga wuraren biki ake tattaro su, wasu ma daga bola. Mai tsafta za ta wanke da sabulu da burushi, marar tsafta ɗauraya ɗaya ce. A titi ba za ki bambance ba, sai kin buɗe kin dubi bakin gorar da cikin murfin, a nan baƙin datti ke maƙalewa. Shi ya sa na fi so ki yi oda wurin matar da kika san gidanta, ki kai mata gororinki ta zuba miki. Ki sa ta ware biyu ba suga, don kusan kowane taro akwai mai ciwon suga da ba zai faɗa ba, sai dai ya sha don kara. Zoɓo kuma yana sauke hawan jini, mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su ji ta bakin likitansu kafin su ɗaga gora.

Ruwa aka fi mantawa da shi. Sai a sayi katan na lemon kwalba a bar fiyawata 'yan ƙwaya, alhali da shi za a sha, a wanke hannu, a wanke wuƙa, a yi alwala. Ki ninka abin da kika ƙiyasta, ki duba lambar NAFDAC a jikin ledar. Ƙanƙarar bulo ta kasuwa ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, don haka a jikin gora take aiki, ba a cikin kofi ba. Dabarar da ta fi ita ce ki jera fiyawata a firiza tun daren Juma'a, in wuta ta yi mutunci. Su ne ƙanƙararki, in sun narke kuma su ne ruwan shanki.

Sai kula. Kada ki sayi ƙatuwa. In ta cika sai mutum biyu sun kama, Keke ba ya ɗaukar ta da daɗi, in kuma rabi ce ba ta riƙe sanyi, don iskar da ke ciki ce ke narkar da ƙanƙara. Matsakaita biyu sun fi, ɗaya ta sanyi ɗaya ta zafi, kada a taɓa haɗa tsire da gorar zoɓo a ciki ɗaya. A Kasuwar Gumi ko duk inda kika je, ƙwanƙwasa jikinta da yatsa. Mai soso a tsakani amsawa take dim-dim, ta banza kuwa ƙwal-ƙwal. Sannan ki juya murfin, a nan aka fi ha'inci: jiki da kauri, murfi fanko. Rufe ta ki ja murfin da yatsa ɗaya, in ya ɗago ba gardama, haka iska za ta riƙa shiga. Ɗaga ta da mariƙinta ki jijjiga, don mariƙi ne ke fara karyewa. Mai shago zai ce miki tana riƙe ƙanƙara kwana uku. Ki yi murmushi ki ci gaba da dubawa.

A wurin zama ki ajiye ta a inuwa, ki lulluɓa mata jiƙaƙƙen tawul, mutum ɗaya ya riƙa buɗewa. In kuma fitar taku daga Salla sai Kirsimeti ce, aro wurin maƙwabciya ya fi saye, ki mayar mata a wanke da gorar zoɓo ɗaya a ciki.

Tambaya: Anti, mu ɗalibai ne a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, mun gama jarrabawa, muna so mu fita mu goma sha biyu. Gamji ko Murtala Square? Za a bar mu mu shiga da abincinmu?

Amsa: 'Ya'yana, barkanku da gamawa, Allah Ya ba da sakamako mai kyau. Zama kuke so ko zagaye?

In zama ne, Gamji. Sunansa na hukuma General Hassan Usman Katsina Park, amma ka ce wa mai Keke haka sai ya tsaya kallonka. Shi ne wurin tabarma: manyan bishiyoyi, inuwa, ga Kogin Kaduna a gefe. A cikinsa ne gadar ƙafa ta Lugard take, wadda aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan bayan hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna. Masu ɗaukar hoto a kanta da yawa ba su san ta haura shekara ɗari ba.

Dandalin Murtala tsohon filin sukuwa ne, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, an sabunta shi aka buɗe a 2022. Fili ne buɗaɗɗe a tsakiyar gari, ya fi dacewa da yamma liƙis, a zagaya, a motsa jiki, a ci abin da ke riƙuwa a hannu. Mutum goma sha biyu da kula biyu da tsakar rana, ba can zan tura ku ba.

Maganar shiga da abinci kuwa, masu kula da wuri ne ke yanke ta. Wurin da ke da masu sayar da abinci a ciki ba kullum yake maraba da kular waje ba, kuma doka kan sauya lokacin bukukuwa ko ranar da aka kama wurin don wani taro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗayanku ya leƙa get kwana biyu kafin ranar, ya tambayi kuɗin shiga, da ko ana barin kula da tabarma da lasifika, da ƙarfe nawa ake rufewa. In an ce sai na ciki, ku ƙara wani abu a kan lissafinku, abincin cikin get bai taɓa yin farashin waje ba.

Tunda hutu kuke yi, ku zaɓi tsakiyar mako, ku samu inuwar da kuke so ba turereniya. A ajinku na san akwai mai zuwa masallacin Juma'a akwai mai zuwa coci ranar Lahadi, Talata ko Laraba ba ta takura kowa. Naman ma a saya inda kowa zai ci hankali kwance. Da damina ku shimfiɗa leda a ƙarƙashin tabarma, ku sa ido a gabas, kuma a Agusta da Satumba da kogin ke cika ku nisanci gaɓa, ba hoton da ya kai wannan kasada. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, komai a rufe. Ko wane lokaci ne ku tattara kafin Magariba, daga nan sauro ke karɓar wurin.

Tambaya: Anti, idan abinci ya rage, laifi ne mu ba yaran da ke zagaye da robobi? Wata ƙawarmu ta ce bai dace ba. (Daga Tudun Wada)

Amsa: In shinkafar da ta wuni a rana ce, ƙawarku ta fi ku gaskiya. Yaron nan idan cikinsa ya ɓaci cikin dare, uwarsa ba ta kusa, kuɗin kemis ma babu. Tunda kuna da niyya, ku ware musu tun lokacin da kuka buɗe abincin, da zafinsa, kafin hannu ya shiga. A ƙarshen zama abin da ya dace a miƙa busassu ne: biredi, gurasa, cincin, lemo, ruwan da ba a fasa ba.

Tunda an zo ƙarshen zama, ku saka babbar leda ɗaya a jaka tun daga gida. Tsinken tsire a tattara a karya, yara na gudu a ciyawar nan ba takalmi. Farar robar soson nan ta tekawe, wadda Legas ta haramta a Janairun 2024 saboda toshe magudanai, a Gamji iska ɗaya ce ke kai ta kogi. In gidan abincin na da roba mai murfi wadda ake wankewa, ku ƙara 'yan kuɗi ku karɓe ta, ta fi riƙe miya, kuma za ta yi muku aiki a gida.

Tambaya: Anti, duk fita ni ke fitar da kuɗi, a ce "za mu tura maka". Fitarmu ta ƙarshe mu bakwai ne, har yau alat biyu na gani. Ina jin nauyin tambaya, kuma ga wata fitar an sa. (Ma'aikaci daga Sabon Tasha)

Amsa: Malam, sun gano kana jin nauyi, shi ya sa. Ba mugunta ba ce a wurin yawancinsu, bashin abin da aka riga aka cinye ne ke da wuyar tunawa.

Na baya ka tura wa kowa saƙo shi kaɗai, ba a gurup ba, sau ɗaya, da adadin da lambar asusunka. Wanda ya turo, madalla. Wanda bai turo ba kada ka bi shi, amma ka san matsayinsa.

Na gaba kuwa tun ran gini ran zane. Karo-karo kafin fita, ba bayanta ba. Ka rubuta a gurup: kowa kaza, zuwa daren Alhamis, kuma abincin waɗanda suka biya za a saya. Ka lissafa har da kuɗin get da ruwa da ƙanƙara da tishu, don waɗannan ƙananan ne ke zarewa daga aljihun mai sayayya ba wanda ya gani. Wasu sun fi son a raba kaya, wannan ya kawo nama wancan ya kawo abin sha. Yana yi, sai dai mai nama kullum shi ake ƙwara, mai kawo fiyawata kuma ya ci bulus. In haka za ku yi, nama ya zama na mutum uku.

Ka kuma duba nisa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya zama rabin kuɗin fita. Wanda ya taso daga Rigasa ko daga wajenku Sabon Tasha ya riga ya kashe abin da na Kabala bai kashe ba, ba laifi a rage masa. Akwai kuma abokin da da gaske ba shi da shi. Wannan kada sunansa ya fito a jerin waɗanda ba su biya ba. Mutum biyu su rufa masa a ɓoye, a ba shi aikin kama wuri da shimfiɗa tabarma, ya zo da kansa a sama.

Ranar sayayya ka riƙe tsabar kuɗi, da ƙananan canji. Mai tsire na karɓar tiransifa, amma in netwok ya tsaya kai ma ka tsaya, nama na hucewa kana jiran alat ya shigo masa. Ka rubuta abin da ka kashe a takarda, ka ɗauki hotonta ka tura gurup tun kuna kan tabarma, canjin da ya rage kuma a miƙa wa wanda zai yi sayayyar fita ta gaba, don wannan karon ba kai ba ne.